Duhun Zaure da Hasken Zane: Nazari kan Kallon Fim ɗin Miyazaki a Gidan Silima

A ranar 20 ga watan Yuli, 2001, gidajen siliman Japan suka fara nuna wani fim ɗin zane mai suna Sen to Chihiro no Kamikakushi, wanda sauran duniya ta fi sani da Spirited Away. Hayao Miyazaki ne ya rubuta labarin ya kuma ba da umarni, Toshio Suzuki ya ɗauki nauyin shiryawa a kamfaninsu na Studio Ghibli, Joe Hisaishi ya tsara kiɗan. An sayar da tikiti sama da miliyan 23 a ƙasar da jama'arta a lokacin ba su wuce miliyan 127 da 'yan kai ba. Kuɗin da ya tara ya haura yen biliyan 30, ya ture Titanic daga matsayin fim ɗin da ya fi kowanne ciniki a tarihin Japan, ya kuma riƙe wannan kambu shekara 19. A 2002 ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Berlin tare da wani fim mai suna Bloody Sunday, a 2003 kuma ya ci kyautar Oscar ta finafinan zane.

Waɗannan alƙaluma na mutanen da suka bar gidajensu ne, suka bi layi, suka zauna cikin duhu tsawon minti 125 tare da baƙin da ba su sani ba, don kallon zanen da hannun ɗan Adam ya yi. A wurinmu, inda aka saba ɗaukar katun abin rarrashin yara, wannan kaɗai ya isa a tsaya a yi tambaya. Abin da nake son kafawa a wannan nazari shi ne, gidan silima ba mazubi ba ne kawai da ake zuba fim a ciki. Ga fim ɗin almara irin wannan, zauren kallo wani sashe ne na aikin kansa, domin shi ke ƙwace wa mai kallo ikon sarrafa lokaci, ya ƙanƙantar da shi a gaban hoto, ya tilasta masa irin natsuwar da labarin ke magana a kai.

Labarin a taƙaice: Chihiro yarinya ce 'yar shekara goma, iyayenta na ƙaura da ita zuwa wani sabon gari, ita kuwa ranta a ɓace. Uban ya ɓata hanya, suka tsinci kansu a bakin wani jan gini mai dogon zaure mai duhu. Da suka ratsa suka fito wani gari da ba kowa, sai rumfunan abinci na ta turiri. Iyayen suka zauna suka hau ci ba tare da izinin mai abu ba, suka rikiɗe aladu. Ashe wurin gidan wanka ne na iskokin da addinin gargajiyar Japan, wato Shinto, ke cewa suna zaune a koguna da duwatsu da itatuwa. Mai gidan wata tsohuwar matsafiya ce, Yubaba. Don kada ta hallaka, dole Chihiro ta nemi aiki a wurinta, Yubaba kuma ta ƙwace mata suna ta bar mata guntunsa, Sen. Sauran fim ɗin aiki ne, da shara da goge-goge, da neman hanyar fansar iyaye.

Akwai tsohuwar hujja da ke cewa almara ba abin kallo ba ce. J. R. R. Tolkien, marubucin Ingila, ya kawo ta a laccar da ya gabatar a Jami'ar St Andrews a 1939, wadda aka buga a 1947. A ganinsa almara a baki da rubutu ta fi rayuwa, domin mai sauraro shi ke gina dodon a zuciyarsa. Da zarar an ɗora ta a dandalin wasan kwaikwayo, aka sa wa mutum fatar dabba aka ce ga dabba mai magana, sai abin ya koma shashanci ko kwaikwayo, imanin mai kallo ya karye. Hujjar tana da ƙarfi, kuma duk wanda ya taɓa kallon fim ɗin aljanu da aka yi da jarumai na gaske ya san inda take cizo. Jarumin da jini da tsoka yake, aljanin kuwa ƙirƙirar kwamfuta ne ko kwalliyar fuska, ido kuma yana ganin ɗinkin da ya haɗa su.

Fim ɗin zane ya kauce wa wannan tarko ta hanya mai sauƙi. Ba shi da ɗinki, domin komai da abu ɗaya aka yi shi. Layin da ya zana fuskar Chihiro shi ya zana Kamaji, tsohon nan mai hannu shida da ke hura wutar ruwan wanka. Motar Audi ta uban da farin macijin da ke tashi sama duk daga fensir ɗaya suka fito. Idan mai kallo ya yarda da yarinyar, ya riga ya yarda da macijin, don ba wanda ya fi wani zama gaskiya. Sergei Eisenstein, gwanin fim na Rasha wanda ya sadu da Walt Disney a Amurka a 1930, ya yi rubutu a farkon shekarun 1940 kan abin da ke jan hankali a zane mai motsi, inda ya ce siffa a cikinsa ba ta daskare ba, tana iya miƙewa, ta narke, ta zama wani abu. Wannan shi ne jarin Miyazaki. Kaonashi, wato Marar Fuska, ya fara a matsayin siririyar inuwa mai abin rufe fuska, ya kumbura ya zama ƙaton tumbi mai baki a ciki, ya amayar da abin da ya haɗiye ya koma siriri, kuma babu inda ido ya ce wannan ƙarya ne.

Tarihi ya ba mu abin gwadawa a cikin watan nan ɗaya. A Yulin 2001 aka saki Final Fantasy: The Spirits Within, wanda Hironobu Sakaguchi ya jagoranta, aka kashe dala miliyan 137 don a ƙera mutane da kwamfuta su yi kama da na gaske har silin gashi. Bai mayar da kuɗinsa ba, sashen kamfanin da ya yi shi ma bai daɗe ba aka rufe. Dalilan faɗuwarsa suna da yawa, amma ɗaya daga cikinsu Masahiro Mori, masanin mutum-mutumi na Japan, ya riga ya bayyana tun 1970: abin da ya kusa zama mutum amma ya gaza da kaɗan, tsoro da ƙyama yake jawowa, ba ƙauna ba. Fuskar Chihiro kuwa 'yan layuka ne, ido biyu, ɗan hanci, kumatu masu ja. Ba ta yi alƙawarin zama mutum ba, shi ya sa ba ta saɓa alƙawari ba.

Sai dai kuskure ne a ɗauka cewa tunda zane ne, komai ya halatta. Ƙarfin fim ɗin a nauyi yake. Ku dubi Chihiro lokacin da za ta sauka dogon matattakalar katako da ke manne a jikin gidan wankan ta waje. Ba ta taka da ƙarfin hali, zama take yi ta miƙa ƙafa ɗaya, ta laluba, ta ja gindi zuwa mataki na gaba. Da katako ya karye sai gudu ya ƙwace mata, tana ihu, har ta yi karo da bango. A ɗakin murhu ta ɗaga guntun gawayin da wata 'yar halittar kunkunniya ke ɗauka, sai ga shi ya fi ƙarfinta, kafaɗunta suka sauka, tana tafiya tana tangaɗi. In ta sa takalmi sai ta doka kan yatsun a ƙasa don ƙafar ta zauna, kamar yadda kowane yaro ke yi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da labarin ke buƙata don ya ci gaba, kuma kowanne ya ci zane masu yawa da kwanakin aiki. An nuna a shirin da aka yi kan yadda aka haɗa fim ɗin cewa da Miyazaki ya so a zana yadda Chihiro ke buɗe muƙamuƙin macijin ta tura masa magani, ya ce a yi kamar ana buɗe bakin kare. Matasan masu zanen ba su saba da kare ba, sai aka je asibitin dabbobi aka ɗauki hoton yadda ake yi. Dasashi da haƙora da turjiyar da ake gani a fim ɗin daga can suka fito. Macijin almara ne, bakinsa na kare ne, jiki kuma ya san wannan bakin.

A nan ne girman allo ya fara shigowa. Motsi irin na doka takalmi ko rawar yatsu a kan katako, a fuskar waya ɓacewa yake yi. A silima kuwa, inda takalmin ya kai girman mutum, ba ya ɓoyuwa. Haka nan bayan hoto, wanda Yoji Takeshige ya jagoranci zana shi. Gidan wankan gini ne mai hawa da yawa, ja da kore da ruwan zinariya, an cakuɗa ginin Japan na dā da na Turai, Miyazaki kuma ya sha zuwa gidan adana tsofaffin gine-gine na Edo-Tokyo da ke Koganei yana ɗaukar fasali. Ɗakin Kamaji bango ne guda na ɗaruruwan aljihunan katako na magunguna. Sau da yawa ana ajiye Chihiro 'yar mitsitsiya a gefen hoto, ginin ya danne ta. Scott McCloud, a littafinsa na 1993 kan zanen labarai, ya lura da wannan dabara ta sa mutum mai sauƙin zane a cikin wuri mai cikakken zane: sauƙin fuskar yana ba mai kallo damar sa kansa a ciki, cikar wurin kuma ta ba shi duniyar da zai shiga. Dabarar ba ta cika aiki sai wurin ya fi mai kallo girma. Wanda ke zaune a kujerar silima yana ɗaga kai ya dubi gidan Yubaba kamar yadda yarinyar ke ɗagawa. Wanda ke riƙe da waya kuwa, gidan Yubaba ne a tafin hannunsa, shi ke kallon sa daga sama. Labari ɗaya ne, amma matsayin jiki ya juye, tsoron da ya kamata ginin ya bayar ya ragu.

Sai batun shiga. Tzvetan Todorov, masanin adabi ɗan asalin Bulgeriya da ya zauna a Faransa, ya ce a littafinsa na 1970 zuciyar labarin ban al'ajabi ita ce wasi-wasi, wato ɗan lokacin da mai karatu bai yanke ba ko abin da ke faruwa yana da bayani na hankali ko kuwa na gaibu ne. Mintocin farko na fim ɗin a kan wannan wasi-wasi aka gina su. Uban yana da bayani ga komai. Ya ƙwanƙwasa bango ya ce ginin jabu ne, wurin shaƙatawa ne irin waɗanda aka yi ta ginawa a farkon shekarun 1990 kafin tattalin arziki ya karye aka watsar da su. Bayanin ya yi ma'ana, domin hakan ya faru a Japan da gaske. Yarinyar ba ta da bayani, sai dai tana jin iska na jan ta cikin zauren, tana jin ginin kamar yana nishi. Iyali ukun suka shiga duhu, hasken bakin ƙofa ya yi ta ƙanƙancewa a bayansu. Mai kallo a silima bai fi 'yan mintoci da yin irin wannan tafiya ba: ya baro hasken titi, ya bi lungu, ya zauna, aka kashe fitilu. Duhun da ke kan allo ya haɗe da duhun ɗakin har ba a ganin iyakar allon. Mun san wannan hikima a gida. Al'ada ta hana tatsuniya da rana, sai an ci tuwon dare an kashe hayaniya, sannan a ce ga ta nan ga ta nanku, domin Gizo da Dodo ba sa tsayuwa a idon rana. Almara tana buƙatar iyaka da za a tsallake, da duhun da zai share duniyar yau da kullum daga gefen ido.

Amma babban abin da silima ke ƙwacewa shi ne lokaci, kuma a nan nake ganin hujjar ta fi nauyi. Kusa da ƙarshen fim ɗin, a daidai inda kowane mai shirya fim na kasuwa zai sa faɗa, Miyazaki ya sa tafiyar jirgin ƙasa. An yi ruwa har ƙasa ta zama teku, jirgin na tafiya a kan dogon da ruwa ya shafe. Kamaji ya ba Chihiro tsofaffin tikitin da ya ajiye shekara 40, ya ce ta sauka a tasha ta shida, ya kuma gaya mata a dā jirgin na zuwa ya dawo, yanzu zuwa kawai yake yi. Ta zauna, Marar Fuska ya zauna a gefenta. Fasinjojin inuwoyi ne masu huluna da jakunkuna, suna sauka ɗaya bayan ɗaya. Ta taga ana ganin wani gida shi kaɗai a kan ɗan tsibiri, ana ganin inuwar wata yarinya tsaye a tasha tana bin jirgin da kallo. Rana ta faɗi, fitilun talla suka wuce, fuskar Chihiro ta bayyana a gilashi. Kiɗan fiyano ne a hankali, magana kusan babu. Ba a gaya mana su wane ne fasinjojin ba, ba a kuma taɓa komawa kan yarinyar tashar ba.

Mintoci kaɗan ne, amma su ne ƙashin bayan fim ɗin. A nan ne mai kallo ke gane cewa yarinyar da ta kwanta a bayan mota tana ƙunƙuni ta zama wata daban, kuma ba wanda ya faɗa masa, zamanta kawai ya gani. A hirar da ya yi da Roger Ebert, mai sharhin finafinai na Amurka, a 2002, Miyazaki ya tafa hannu 'yan lokuta, ya nuna cewa shirun da ke tsakanin tafi da tafi shi yake nema, domin fim ɗin da ke gudu ba numfashi hayaniya ce kawai. To wannan shiru abu ne mai rauni ƙwarai. A gida, daidai nan ne hannu ke kai wa waya, ko a tashi ɗebo ruwa, ko a ja fim ɗin gaba a ga abin da zai faru. Ba laifin kowa ba ne, haka na'urar ta koya mana. A silima ba maɓallin tsayarwa, ba na tsallakewa. Mutum ya biya kuɗi, yana tsakiyar layi, duhu ne, dole ya zauna a jirgin har tasha ta shida. Wannan dole ɗin ita ce kyautar. Abin da ya fara kamar gundura, in aka daure masa, sai ya juye ya zama wani irin kewa da ba a iya samu da gaggawa.

Akwai shaidar da ke nuna yadda shirun ke tsorata 'yan kasuwa. Da kamfanin Disney ya fitar da fim ɗin a Amurka a 2002, ƙarƙashin kulawar John Lasseter na Pixar, an yi fassarar murya mai kyau, amma an ƙara 'yan maganganu inda asalin ya yi shiru. Wasu don bayani ne, kamar sa Chihiro ta faɗi da baki cewa ginin gidan wanka ne, tunda Ba'amurke ba zai gane shi da gani ba. Wannan ana iya karɓa. Amma a ƙarshe an ƙara mata magana da ke nuna cewa yanzu ta shirya fuskantar sabuwar makaranta, wato an fassara wa mai kallo darasin. A asalin na Japan ba a yi haka ba. An fito daga zauren, motar ta yi ƙura, ganyaye sun rufe ta, zaren ɗaure gashin da Zeniba, 'yar'uwar Yubaba, ta ba ta ya ɗan yi ƙyalli, shi ke nan. Ko ta tuna abin da ya faru ko ba ta tuna ba, an bar wa mai kallo. A ganina ƙarin nan ya rage wa fim ɗin, domin ya nuna rashin yarda da mai kallo, alhali duk ginin fim ɗin a kan yarda da shi yake.

Idan aka duba da kyau, abin da zauren kallo ke nema daga mutum shi ne abin da labarin ke yabo. Fim ɗin cike yake da masu haɗiya. Uban ya ce kada a damu, yana da katin banki da tsabar kuɗi, ya cika faranti. Ma'aikatan gidan wankan suna rububin zinariyar da Marar Fuska ke zubarwa, suna ɗora masa akushi bayan akushi, har ya fara haɗiye su, zinariyar kuma daga baya ta koma ƙasa. Miyazaki yana magana ne da Japan ɗin da ta yi bushasha a ƙarshen shekarun 1980, kumfar ta fashe, aka shiga shekaru goma na tsayawar arziki, kuma a cikin wannan tsayawa aka haifi tsaran Chihiro. Ita yarinyar ba ta da sihiri ko takobi. Abin da take da shi lura ce. Da wani ƙazamin baƙo ya zo, taɓo na zuba daga jikinsa, wari ya kori kowa har abinci na ruɓewa in ya wuce, ita aka tura. Tana cikin ruwan wankan ta laluba ta ji wani abu kamar ƙaya a jikinsa. Aka ɗaura igiya, duk gidan suka ja, sai ga keke ya fito, bayansa tarin shara da ƙarafa da tarkacen gida. Ashe iskan kogi ne da mutane suka cika da juji. Miyazaki ya taɓa shiga aikin share wani kogi inda aka ciro keke daga laka, daga nan ya samo wannan. Haku ma, yaron da ke rikiɗa maciji, kogi ne da aka cike aka gina gidaje a kansa, kuma abin da ya 'yantar da shi tunawar Chihiro ce cewa ta taɓa faɗawa cikinsa tana ƙarama. Jarrabawar ƙarshe ita ma ta ido ce: a jera aladu a ce ta nuna iyayenta, ta duba ta ce ba sa ciki. Fim ne da ke fifita mai dubawa a kan mai cinyewa. Yanayin kallon da ke hana mutum cinye fim da sauri, ya sa shi dubawa, ya dace da shi fiye da dacewar katari.

Jama'ar da ke ɗakin ma suna da nasu aikin. Julian Hanich ya yi littafi guda a 2018 kan tasirin 'yan kallo a kan juna, inda ya nuna cewa ko shirun da ake yi tare aiki ne na haɗin gwiwa. Dariya tana yaɗuwa, kowa ya san wannan. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne shirun mutum ɗari biyu ya fi na mutum ɗaya nauyi. Ga fim ɗin da yara ke kallo, wannan yana da wani amfani na daban. Wurin da uban ya waiwayo da fuskar alade abin firgita ne na gaske ga ɗan shekara bakwai, Miyazaki kuma bai sassauta shi ba. Yaron da ya ga wannan a silima yana jin numfashin sauran yara ya tsaya tare da nasa, hannun babba na kusa, sannan ya ga an wuce wurin kowa na nan lafiya. Ya ɗanɗani tsoro cikin tsaro. Babban da ya rako shi kuma, wanda ya zo da niyyar gyangyaɗi, sai ya iske wurin da Chihiro ke cin dunƙulen shinkafa tana zubar da manyan hawaye ya taɓa shi, kuma duhu ya rufa masa asiri.

Dole a faɗi abin da ke gefe guda, don yana da ƙarfi. Mafi yawan masu ƙaunar wannan fim a duniya ba a silima suka gan shi ba. Da tashar Nippon TV ta nuna shi karon farko a Janairun 2003, ma'aunin masu kallo ya kai kashi 46.9 cikin ɗari, abin da wani fim bai taɓa samu ba a talabijin ɗin Japan. Faifan bidiyo ya kai shi ƙasashen da bai taɓa hawa allonsu ba, daga 2020 kuma Netflix ta sa shi a wayoyin mutane a yawancin duniya. Yaron da ke garin da ba silima, ko wanda kuɗin tikiti ya fi ƙarfin gidansu, in ya gan shi a waya ya ƙaunace shi, ƙaunarsa ba jabu ba ce. Kallon gida ma yana da abin da silima ba ta da shi, wato maimaitawa da tsayar da hoto, kuma duk mai nazari da shi yake aiki. Ba na cewa wanda bai shiga silima ba bai ga fim ɗin ba. Ina cewa ya sami labarin da zanen, amma girman da tilascin da taron sun wuce shi, kuma su ukun ba ado ba ne.

Halin 'yan kallo da kansu ya goyi bayan haka. Sai a watan Yunin 2019 aka fara nuna fim ɗin a gidajen siliman ƙasar Sin, shekara 18 bayan fitowarsa, lokacin da matasan ƙasar da yawa sun riga sun gan shi ta faifai da intanet. Duk da haka suka cika ɗakuna, har ya zarce Toy Story 4 a makon da suka fito tare. A Yunin 2020, da siliman Japan suka sake buɗewa bayan kullen annobar korona ba sababbin finafinai, aka dawo da finafinan Ghibli huɗu, har da wannan, suka hau saman jerin ciniki. Mutanen nan sun san yadda labarin zai ƙare. Abin da suka saya ba labari ba ne.

Wanda ya karɓe kambun ciniki daga hannun fim ɗin Miyazaki a Disambar 2020 shi ma fim ɗin zane ne na almara, Demon Slayer: Mugen Train, kuma shi ma a jirgin ƙasa labarinsa ke gudana. Amma yadda yake amfani da zauren kallo daban ne: ƙarar takubba, walƙiyar wuta, kuka a bayyane, da taron masoya da suka riga suka san jaruman daga talabijin da littattafan zane. Wannan ma halastaccen amfani ne da silima, kuma shi ya fi sauƙin sayarwa, domin ana iya yanka shi a yi talla. Tafiyar Chihiro a kan ruwa ba ta yankuwa, in an cire ta daga minti ɗarin da suka gabace ta sai ta zama hoton jirgi kawai.

Ghibli sun san da haka. A gidan tarihinsu na Mitaka, wanda aka buɗe a Oktoban 2001, akwai ƙaramin ɗakin silima da ke nuna gajerun finafinan da aka yi domin wurin, ba a sayar da su a kasuwa. A ranar 14 ga Yuli, 2023, Suzuki ya saki sabon fim ɗin Miyazaki, The Boy and the Heron, a Japan ba tallar bidiyo, ba taƙaitaccen labari, ba sunayen masu murya, sai fosta ɗaya mai zanen tsuntsu. Ya yi caca ne cewa mutane za su shiga duhu ba tare da sun san abin da ke jiran su ba, kuma sun shiga, fim ɗin ya ci Oscar a 2024. Sai dai caca ce da sunan Miyazaki kaɗai zai iya ɗauka, mutumin da aka haifa a 1941. Matashin mai zane da ke son sa minti uku na shiru a fim ɗinsa na farko ba shi da wannan suna, masu zuba kuɗi kuma suna lissafi ne da mai kallon waya wanda yatsansa ke kan allo. A cikin 2023 ɗin nan, saboda rashin magajin da zai riƙe kamfanin, Studio Ghibli ya koma ƙarƙashin Nippon TV, tashar da ta daɗe tana nuna finafinansa, wadda ta yi alƙawarin barin masu zanen su ci gaba da aiki yadda suka saba.